Kalangun da ya tsage da hunturu: Me ke faruwa idan an saye mai sana'a?

A makon nan zan jingine batun siyasa da tsadar masarufi, in ba ku labarin wani kalangu da na saya a Birnin Gwari, wanda bai ga ƙarshen hunturunsa na farko ba. Wani zai ce wa ya damu da kalangu alhali ana fama da abin sawa a bakin salati. Ina roƙon a yi haƙuri a bi ni zuwa ƙarshe, domin abin da ya sami kalangun nan shi ke samun sana'o'inmu da dama, kuma ina fargabar zai ƙaru a yankinmu yanzu da hanya ta buɗe masu jari suka fara shigowa.

Ina da ɗan ƙanwa da ke karatu a wata babbar makaranta a Kaduna. Yana cikin ƙungiyar wasannin gargajiya ta ɗalibai, kuma yana taɓa kaɗa jita. Ya daɗe yana roƙona in samo masa kalangu na ƙwarai, ba irin wanda ake ratayawa a bangon falo ba. Ni kuwa na san inda ake samunsa, domin tun ina yaro akwai wani masassaƙi a garinmu da makaɗa ke yin takakkiya su zo wurinsa daga nesa. Da na je na tarar da rumfar an yi mata rufin kwano, an kafa allo ɗauke da sunan tsohon, ga kalangai sun fi ashirin a jere an shafe su da banish suna ta ƙyalli. Shi ban same shi ba, wani saurayi ya ce yana gida jiki ya yi nauyi. Na zaɓi ɗaya na biya ba tare da dogon ciniki ba, saboda sunan da ke jikin allon ya ishe ni shaida. A ƙarshen damina ke nan. Kafin watan Janairu ya fita yaron ya turo mini hoto ta waya, kangon ya tsage daga baki har kusan ƙugu, fata ta saki.

Da na sami hutu na ɗauki kalangun na nufi gidan tsohon, ba don neman kuɗina ba sai don in ji ba'asi. Na same shi a zaure. Bayan mun gaisa na ajiye masa shi a gaba. Ya jujjuya shi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya sansana cikinsa.

"Malam, ranar da ka saya ka ɗaga shi ka ji nauyinsa?"

"Na ɗaga, Baba. Har na ji daɗi da na ji shi da nauyi, na ce ai ice ne mai ƙwari."

"Ruwa ka saya, ɗana. Wannan icen bai yi wata biyu da sara ba aka fafe shi. Kuma ba hannuna ba ne, shekara uku ke nan ban riƙe gizago ba."

Daga nan ya ba ni labarin da ban sani ba. A shekarun da daji ya ƙi shiguwa, gona ta gagara, makaɗa suka daina zuwa saboda hanya. Sai aka ɗauke masa ɗa aka nemi kuɗin fansa. Wani ɗan kasuwa da ke kai kayan kiɗa shagunan birni ya taya rumfar da kayan aiki da tarin busasshen icen da ya shekara da shekaru yana ajiyewa, tare da sharaɗin a bar sunansa a kai. Ya sallama, kuma ba ni da bakin zarginsa, ko ni ne haka zan yi. Sabon maigidan ya riƙe yaransa biyu, yana biyansu bisa ƙidayar abin da suka gama. A shekarar farko babu wanda ya ga bambanci, domin tsohon ice ake sassaƙawa. Da ya ƙare aka koma sayen ɗanye daga masu sara, a fafe a ɗaura fata cikin mako guda.

Akwai maganar da ya faɗa wadda ita ce ta sa na rubuta wannan maƙala. Ya ce, "Da, in yaro ya gama kango na duba na ga bai yi ba, murhu nake jefa shi ko da ya kwana huɗu a kansa. Yanzu wa zai jefa? Yaron da ake biya bisa ƙidaya, ko Alhajin da ya riga ya karɓi kuɗin mutane?"

Bari in ɗan tsaya a kan icen, don ɗalibai su ga babu tsafi a cikin lamarin. Ɗanyen ice cike yake da ruwa, a wasu itatuwan ruwan yakan kai rabin nauyinsa. Idan yana bushewa ƙanƙancewa yake yi, kuma ƙanƙancewar ba daidai take ba ta kowace fuska: ta kewaye takan kusa ninka ta ciki zuwa waje, ta tsawo kuwa kaɗan ce ƙwarai. Saboda haka kango mai siffar zobe idan ya bushe da gaggawa dole wani wuri ya buɗe, kuma daga baki yake farawa inda ruwa ya fi saurin fita. Hunturunmu ba ya sassauci, danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Shi ya sa masassaƙan da suka san aikinsu ke sarar alilliba ko wani icen da ya dace, su yi masa fafewar farko, su ajiye a inuwa ya ga rani ya ga damina kafin a ƙarasa. Masu ƙera jita na duniya ma abin da suke yi ke nan, sai dai su suna da ɗakunan da ake tsare danshinsu a wajen kashi 45 zuwa 50. Wannan jiran kuɗi ne a kwance, kuma shi ne abu na farko da ke tsone wa sabon mai jari ido idan ya buɗe littafin lissafi.

Da na kwashe labarin na gaya wa ɗan ƙanwata sai ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai wannan tsohon zance ne a wurin makaɗan jita. Har suna gare shi, ana cewa jitar kafin CBS da ta bayan CBS." Maganarsa ce ta sa na bi diddigin lamarin, kuma abin da na tarar ya cancanci a ji shi.

Leo Fender mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton da ke Jihar Kalifoniya ta Amurka. Bai iya kaɗa jita ba, amma yana sauraren makaɗa yana gyara abin da suka yi kuka da shi, har ya fito da Stratocaster a 1954, wadda har gobe tana cikin jitocin lantarki da aka fi kaɗawa a duniya. A watan Janairun 1965 ya sayar da kamfanin ga CBS, kamfanin rediyo da talabijin, a kan Dala miliyan 13. Jitocin farkon wannan zamani ba su da wani aibu, domin ma'aikatan da kayan haɗin duk na da ne, tamkar shekarar farko a rumfar Baba. Sannu a hankali abubuwa suka sauya. Aka gina sabuwar masana'anta babba, aka faɗaɗa kan jitar, aka koma fenti mai kauri wanda ke rage wahalar aiki. A 1971 aka rage sukurorin da ke riƙe wuyan Stratocaster daga huɗu zuwa uku. Dabarar a kan kanta ba ta da laifi, amma da yake ramin da wuyan ke zama ba a yanka shi daidai a kan jitoci da yawa ba, sai wuya ya riƙa motsi. Makaɗa suka yi ta kuka da nauyin jitocin shekarun 1970 da rashin daidaitonsu, wata ta yi kyau wata ta ƙi. Manajan masana'antar na zamanin Leo, Forrest White, bai daɗe ba ya ajiye aiki saboda saɓani da sababbin shugabanni a kan ingancin kaya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda labarin ya juya. A 1985 CBS ta gaji ta sayar da Fender ga wasu ma'aikatansa ƙarƙashin jagorancin William Schultz a kan Dala miliyan 12.5, kuma cinikin bai haɗa da masana'antar Fullerton ba. Na ɗan lokaci sai da suka dogara da jitocin da ake ƙera musu a Japan kafin su buɗe ƙaramar masana'anta a garin Corona. Duk da haka daga nan ne martabar sunan ta fara dawowa. Wanda ya sayi gini da injuna da suna ya kasa riƙe inganci, waɗanda suka sayi suna ba gini suka maido shi, domin su mutanen sana'ar ne.

Haka ta faru ga Gibson. A 1969 kamfanin da ya mallake shi ya faɗa hannun wani kamfani mai suna ECL, wanda harkarsa ta haɗa da giya da siminti a ƙasar Ekwado, daga baya aka raɗa masa suna Norlin. A zamaninsu aka riƙa haɗa gangar jikin jitar Les Paul da falle-fallen katako da aka manna, aka sauya yadda ake yin wuyanta, aka fara kwashe aiki daga garin Kalamazoo zuwa Nashville har aka rufe tsohuwar masana'antar a 1984. Wasu tsofaffin ma'aikata suka ƙi tashi, suka kafa kamfanin Heritage a 1985 a cikin ginin da aka bari. A 1986 aka sayar da Gibson ɗungurungum a kan kimanin Dala miliyan 5. Shi kuwa Gretsch, kamfanin Baldwin mai yin fiyano ya saye shi a 1967, ya kwashe aikin daga Brooklyn zuwa wani ƙaramin gari a Jihar Arkansas a 1970, ya rabu da ƙwararrun hannaye da yawa, gobara ta tashi sau biyu a 1973, aiki ya tsaya cik a farkon shekarun 1980, sai da ɗan gidan ya sake sayen sunan kakanninsa.

Mu ma a nan ba baƙi ba ne ga irin wannan. Dattawanmu sun san darajar keke Rali, wanda a da ya zama ma'aunin arzikin saurayi. Kamfanin Raleigh ya sauya hannu sau da dama, ya daina haɗa keke a garinsa na asali Nottingham a 2002, kuma wani kamfanin ƙasar Holan ya saye shi a 2012. Tambarin yana nan, waɗanda suka sa aka san shi sun daɗe da watsewa.

Sai dai adalci ya wajaba, kada mu mayar da kowane mai saye azzalumi. Jitar da Jimi Hendrix ya kaɗa a taron Woodstock na 1969 ƙirar 1968 ce, wato ta zamanin CBS, kuma ba a ji ta gaza masa ba. Wani ɓangare na tsadar jitocin kafin CBS aikin dillalai ne da ke cin riba da tsohon suna. Sannan kamfanin Martin, wanda aka kafa a 1833 kuma bai taɓa fita daga hannun zuriyar mai shi ba, shi ma masu gyaran jita sun daɗe suna ƙorafi a kan wasu da ya ƙera a shekarun 1970, lokacin da kasuwa ta buɗe aka shiga gaggawa, har aka riƙa samun jakin da tsirkiya ke hawa ya ɗan goce daga mazauninsa. Ashe ko ba a sayar ba, sauri kan haifi nawa. Akwai kuma sayen da ya zama alheri. A 2011 kamfanin Taylor da wani abokin haɗin gwiwarsa suka sayi masana'antar yankan katakon baƙin ice ta Crelicam a Yawunde, babban birnin Kamaru. Icen nan ɗan'uwan kanyarmu ne, da shi ake shimfiɗa fuskar wuyan jita. Bob Taylor ya bayyana cewa ya tarar masu sara na kayar da itatuwa da yawa su bar su a daji su ruɓe saboda cikinsu ba baƙi wuluk ba ne, yana da ratsi. Ya yanke shawarar saye da amfani da mai ratsin, domin ya san ratsi ba ya taɓa sauti. Mai sana'a ne kaɗai zai iya yanke irin wannan hukunci, don shi ya san abin da za a iya sassautawa da wanda ba a taɓawa. A 2021 kuma masu Taylor suka miƙa mallakar kamfanin ga ma'aikatansa.

To me duk wannan ke nunawa? A fahimtata, sauya hannu a kan kansa ba ya ɓata kaya. Abin da ke ɓata su shi ne ikon cewa "wannan bai yi ba" ya bar hannun wanda ya san aikin kuma yake jin kunyar a ga aibu a kayansa, ya koma hannun wanda ƙidaya kawai ya sani. Kuma lalacewar ba ta zuwa rana ɗaya. Yau a rage wata biyu a lokacin shanya, gobe a musanya tsirkiyar fata da igiyar roba, jibi a rufe tabo da banish. Kowane ɗaya ƙarami ne, kowane ɗaya yana da hujja a takarda, mai saye kuma ba zai gane ba sai hunturu ya zo. Tsadar kayan haɗi ma ba ita ce magana ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigin gwangwani ya zaga duniya, Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar kuwa da wayar birkin keke ya ɗaura tsirkiyar jitarsa ta farko. Gwangwanin bai taɓa cewa shi alilliba ne ba. Ha'inci yana farawa ne daga inda aka bar tsohon suna a kan sabon aiki, mai saye yana biyan kuɗin abin da babu shi.

Yanzu mu dawo gida. Tun da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar Kara ta Birnin Gwari a ƙarshen watan Nuwamban 2024 bayan shekaru tana rufe, motoci suka dawo hanya, muna godiya ga Allah muna roƙon ɗorewa. Amma duk mai bin hanyar Kaduna yana ganin abin da nake gani, buhunan gawayi da lodin katako suna fita. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 a zamanin En'e, aka ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, kuma doka ta hana sara a cikinsa. Itatuwan da ke kewaye da shi a gonaki da dazuzzukan ƙauyuka, irin su doka da maje da ƙirya da taura da madobiya, su ne jarin masassaƙanmu masu turmi da akushi da kujera da ƙotar fartanya da kangon ganga. Mun ga abin da ya sami madobiya a jihohi irin su Taraba da Kogi lokacin da kasuwar ƙasar Sin ta buɗe mata baki, har sai da yarjejeniyar CITES ta sanya ta cikin itatuwan da ake sa ido a kan cinikinsu daga 2017. Ƙiryar da ta shekara hamsin tana girma, dare ɗaya ake mayar da ita gawayi. Ga kuma masu sana'a da rikici ya karya wa jari, waɗanda duk wanda ya zo da kuɗi a hannu zai same su a shirye su sallama. Ice na ƙarewa, masu shi na cikin matsi, masu jari na gaggawa. Wannan haɗin shi ya haifar da kalanguna.

Ga masu jari nake fara magana, domin ba zuwansu nake ƙi ba. Babban abin da kuɗinku zai iya yi wanda talakan masassaƙi ba zai iya ba shi ne jira. Ku sa jarin a rumbun ice, ku sayi na baɗi da na baɗin baɗaɗa tun bana. Ku bar tsohon maigida ko babban yaronsa da ikon mayar da kaya, kuma ku biya yaro ladan kwanakinsa ko da an jefa abin da ya yi a murhu, in ba haka ba ba zai taɓa nuna muku tsaga ba. Ga masu sana'a kuma, in larura ta sa dole a sayar, a sayar da rumfa da gizago, a riƙe suna. In har za a ba da sunan, a rubuta sharaɗi a gaban shaidu cewa duk ranar da mai shi ya daina duba kaya za a sauke allo. Masarauta da ƙaramar hukuma suna da rawar takawa wajen tsawata wa masu ƙone itatuwan sassaƙa da ƙarfafa dashen irinsu a gonaki. Ɗalibanmu masu neman abin rubuta kundin kammala karatu, ga dattawa nan a zaure da ilimin wane ice ake sara a wane wata, in ba a ɗauka yanzu ba da su za a binne shi. Mu masu saye kuma mu koyi tambaya: wa ya sassaƙa, yaushe aka sari icen? Mu ɗaga mu ji nauyi, mu leƙa cikin da banish bai kai ba.

Kafin in bar zauren, Baba ya aika aka kira masa wani tsohon yaronsa da ya bar rumfar yana aiki a gida shi kaɗai. A gabana ya gaya masa irin icen da zai nema da inda zai jingine shi. Na ba da kafin alƙalami, aka ce in dawo baɗi war haka. Ɗan ƙanwata ya yi ƙorafi cewa kafin nan ya kusa gama makaranta, na ce masa ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa albarka a sana'o'inmu.